Mai Feshi Ba Ya Waiwaye

Abu na farko da aka koya wa mai feshi ranar da ya kama aiki a ofishin tsaftar gari shi ne kada ya waiwaya. Mai feshin sauro yakan sa iska a gaba, ya rataya inji a kafaɗa, bakin bututun yana kallon baya, hayaƙin magani yana ta tuɗaɗowa yana cika layi a bayansa. In ya kuskura ya juya, maganin ya bi ta gefen takunkumi ya shige masa ido, ranar nan sai ya wuni yana hawaye kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ya riƙe wannan doka har ta zame masa jiki. Ko a kasuwa ka kira shi ta baya, sai dai ka zagayo.

Akwai wasu dokokin. Ba a feshi a layin da motar shela ba ta riga ta bi ta gaya wa mutane su rufe taga, su rufe abinci, su shigar da masu ciwon ƙirji ɗaki ba. Kuma in magani ya ragu a tanki, a mayar da shi ofis. Wanda ya karya ɗaya daga ciki ya ajiye inji ya kama gabansa. Oga ko kai ba ya ɗagawa daga tebur in zai faɗi haka. Mai feshi ya karya duka biyun a safiya ɗaya, kuma abin da ya fi ci masa rai daga baya shi ne don alheri ya karya su.

Matarsa ce ta fara maganar, tana gugar kayan makarantar yara. Ta ce ta je gai da mahaifinta ta tarar da hannuwansa sun yi ruɗu-ruɗu da cizon sauro.

"Ana ce mini matar mai feshi, amma sauro na cin ubana da ransa. Ko kunya ba ka ji?"

"Layinsu ba ya cikin zagayen watan nan."

"To, ka gaya wa sauron. Ƙila bai sani ba."

Shi mutum ne mai tauna magana, yakan kwana da ita a baki. Ran nan da sassafe, gari bai gama wayewa ba, ya gama unguwar da aka ba shi, ya girgiza tanki ya ji akwai saura. Layin surukinsa kuwa ga shi nan, tsallaken titi ne kawai. Ya tsaya ya yi lissafi. Maganin na mutanen gari ne. Surukinsa mutumin gari ne. Sauron can da na nan uwa ɗaya uba ɗaya. A wannan lokacin kowa yana ɗaki, tagogi a rufe. Ya juya maganar ta kowane gefe bai ga inda ta karkace ba.

Layin siriri ne, gidajen bene suna fuskantar juna, shagon mai aski a bakin shiga, kwata ta bi gefe ɗaya har ƙarshe. Ya ja takunkumi ya rufe hanci da baki, ya sa tabaran aiki, ya kunna fitilar goshi, ya tayar da inji. Ya shiga yana tafiyarsa ta kullum, yana ɗan jan ƙafar hagu wadda babur ya taɓa takawa.

Ya kai tsakiyar layi sai ya ji iskar da ke dukan fuskarsa ta ɗauke ɗif, kamar an rufe ƙofa. Sai wani sanyi mai laima ya sauka a ƙeyarsa. Karen gidan ƙarshe, wanda bai taɓa barin kowa ya wuce lafiya ba, ko tari bai yi ba. Mai feshi ya lura da duk wannan, amma bai waiwaya ba. Kafin ya kai ƙarshen layi injin ya yi tari ya mutu, ashe ragowar ba ta kai yadda ya zata ba. Ya fita ta ɗaya bakin, ya cire kayan aiki, ya mayar da inji ofis, ya tafi gida yana jin daɗin mutumin da ya yi alheri ba wanda ya gani.

Abin da bai sani ba shi ne surukinsa, tsohon mai gyaran agogo, ya daɗe da daina barcin asuba a kwance. Ciwon asma ba ya barinsa. In gari ya kusa wayewa sai ya ja kujera ya fita baranda ya zauna yana neman iska. 'Yarsa ta sani. Mai feshi bai sani ba, domin ba ya cikin tarbiyya mutum ya tambayi surukinsa yadda yake kwana.

Yana cikin shan shayi wayar matarsa ta yi ƙara. Ta saurara, ta miƙe tsaye, ta zari mayafi.

"Baba yana asibiti. Ni na wuce. Ka biya ta gidansa ka ɗauko masa katin asibiti da tabarau, suna kan teburin agoguna."

Da ya iso bakin layin, hantsi ya riga ya dubi ludayi, amma hazo yana nan kwance a layin, fari fat, ya kai ƙugu, yana motsi a hankali kamar madara a tukunya. Ya tsaya yana kallo. Hayaƙin injinsa bai taɓa wuce tsawon shan kofin shayi bai watse ba. Ya ce a ransa, lallai ya kuskure haɗin maganin.

Mutanen layi sun taru a ƙofar shagon aski. Mai askin yana tsaye a kan dandamali, almakashi a hannu, wanda yake yi wa aski yana zaune a ciki da rabin kai, shi ma ya juyo yana sauraro.

"A'a, surukin layi! Ka makara, an gama kallo."

"Me ya faru?"

"Baƙi muka yi. Daga sama."

Mai askin ya sake ɗauko labarin daga tushe, da alama ba karo na farko ba ne. Ya ce ya tashi zai buɗe shago sai ya ji wani gunji kamar an tara ƙudan zuma a cikin durom. Ya leƙa ta taga, sai ga hazo ya cika layi, ga wani haske zagayayye yana tafe a cikinsa. A ƙarƙashin hasken kuwa ga halitta.

"Idanu kamar gindin kofi. Baki ba baki ba, wani abu ne ya turo gaba da gwangwani biyu a gefe. Gajere, ga tumbi. Yana tafiya yana jan ƙafa ɗaya."

Mai feshi ya gyara tsayuwa, ya mayar da nauyinsa kan ƙafar dama.

"Tumbi kuma?"

"Tumbi mana. Ashe can ma ana ci."

"Ƙila rigar ce ta yi masa yawa."

"Kai ka gani ko ni?"

Wata mai sayar da kayan miya ta ce ita dai a ganinta aljani ne. Mai aski ya dube ta da tausayi.

"Aljani da fitila, uwar ɗaki? Aljanin da ke gani a cikin duhu? Waɗannan daga wata duniya suke. Duk inda jirginsu mai kama da faranti zai sauka, hazo suke fara turowa. A waya na gani, ba ƙasar da ba su je ba, mu ne dai sai yau aka tuna da mu."

Ya miƙa wa mai feshi wayarsa ya nuna masa abin da ya ɗauka.

"Ka gani?"

"Fari kawai nake gani."

"Yauwa. Shi ne."

Sannan ya sassauta murya. Ya ce shi halittar kawai ya gani, amma tsohon mai agogo shi ya ga farantin da idonsa. Sun same shi a baranda ya zame daga kujera, numfashi na fita da ƙyar, yawu na zuba. Suna ɗaga shi ya nuna sama da yatsa ya ce, "Faranti." Daga nan bai ƙara cewa komai ba.

Mai feshi ya hau bene ya ɗauko katin da tabarau. Kujerar tana nan a baranda, a kife. Ya ɗaga ta ya ajiye daidai.

A asibiti ya tarar da tsohon a ɗakin gaggawa, an rufe masa hanci da baki da robar iska, ƙirjinsa yana hawa da sauka kamar zugazugi. Matarsa tana tsaye a gefen gado. Likitar wata 'yar siririyar mata ce mai gajiyayyun idanu. Ta fito da su biyun waje.

"Asmarsa na san da ita, na ba shi abin da ya kamata. Amma ba ita kaɗai ba ce. Ga gumi, ga yawu, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura. Wani abu ya shaƙa. Akwai allurar da ke karya irin wannan, sai dai in na yi masa kuma ba shi ba ne, zuciyar tsohon nan ba za ta yafe mini ba. Me ya shaƙa?"

"Hazo," in ji matar.

"Wane irin hazo?"

"Na faranti. Mutanen layi sun ce wai na wata duniya ne."

Likita ta dube ta, ta dubi mijin.

"A makarantar da na yi ba mu kai wannan babin ba." Ta murza idanunta. "Ni na fi zargin maganin ƙwari. Na buga wa ofishin tsafta ko sun yi feshi a layin, don duk wanda aka kawo da irin wannan dole in sanar da su. Sun ce ba su yi ba."

"Ai mijina can yake aiki," in ji matar da sauri. "Shi ma ya ce layin Baba ba ya cikin zagayen watan nan. Ko ba haka ba, Baban yara?"

"Haka ne," in ji mai feshi.

Kuma haka ɗin ne. Bai taɓa sanin mutum zai iya shara ƙarya da tsagwaron gaskiya ba sai ranar.

Likita ta ce za ta ɗan jira ta ga ko abin zai lafa da kansa; in bai lafa ba dole ta yi caca, ita kuwa ba ta son caca da tsoho. Ta koma ciki, matar ta bi ta. Mai feshi ya zauna a kan benci a farfajiya, tsakanin wani mai karyayyen hannu da wata mai goyo.

Ya shiga tauna maganar. Likita ta riga ta yi zargin daidai. In ta gaji da jira za ta yi allurar, tsoho ya tashi, kowa ya tafi gida, faranti ya ɗauki laifi. Faranti ba shi da 'ya'ya a makaranta. Faranti ba shi da ogan da zai ce ya ajiye inji. In kuwa ya yi magana, ya ceci mutum ɗaya wanda ƙila dama zai tashi, ya jefa gida guda cikin halin ni-'yasu, har da 'yar tsohon da jikokinsa. Ya tabbata da za a tambayi tsohon da kansa, cewa zai yi a yi shiru. To, amma wanda ba ya iya numfashi, wa ya wakilta ka ka yafe a madadinsa? Ya juya ta nan, ya juya ta can. Da safe ma haka ya juya wata maganar bai ga inda ta karkace ba. Wannan ne ya fi ba shi tsoro.

Sai ya nemi hanyar tsakiya. Da likita ta fito ya tare ta.

"Likita, na ce ko ƙila wani ne ya yi feshi a ɓoye, ofis ba su sani ba."

"Ƙila ba ta warkar da kowa, Malam. Wane magani? Iri-iri ne. Wani allurar na yi masa, wani kuwa ƙara ɓata lamari take yi. Sai wanda ya zuba shi a tanki ne zai iya gaya mini."

Ta juya za ta wuce. Ta gilashin ƙofa ya hango hannun tsohon a kan bargo. Cizon sauron yana nan jere a kai. Babban yatsa da manuni suna ta murza juna a hankali, kamar yana murɗa kan agogo. Hannu bai san maigidansa yana kwance ba, yana ta aikinsa.

"Likita."

Ta tsaya.

"Ni ne farantin."

Ya faɗa mata sunan maganin, da yadda ya haɗa shi da kalanzir, da lokacin da ya bi layin. Ta ƙwala wa nas kira, ta faɗi allurar da za a kawo, suka shige ciki. Bayan wani lokaci mai tsawo ta fito tana cire safar hannu.

"Ya fara karɓa. Ka san zan sanar da ofishinku."

"Na sani."

"Da ka faɗa tun ɗazu da ka rage masa wahala."

"Na sani."

"Kai kam ka san abubuwa da yawa," in ji ta, ta wuce.

Matarsa tana tsaye a bakin ƙofa, ta ji komai. Ta daɗe tana dubansa kamar yau ta fara ganinsa.

"Ni cewa na yi sauro ya dame shi. Ban ce ka haɗa da shi ba."

"Garin gyaran gira..."

"Kada ka yi mini karin magana a asibiti." Ta gyara mayafi. "Kuma ka tsaya kana kallona, ina gaban likita, da girmana, ina cewa faranti."

Ya fahimci wannan ɗin zai fi daɗewa kafin ya warke.

Washegari ya je ofis. Oga yana rubutu, bai ɗaga kai ba. Mai feshi ya jera takunkumi da tabarau da fitilar goshi a kan tebur.

"An ce hazon ya kai har hantsi," in ji oga.

"Ya kai."

"Da ragowar tanki?"

"Da ragowa. Ko ƙarshen layi ban kai ba ta ƙare."

Alƙalamin oga ya tsaya. Ya ɗaga kai, abin da ba a taɓa gani ba a ofishin.

"Ko tanki cike ba ya haka." Ya mayar da kai kan takarda. "Ajiye makullin akwatinka wajen masinja."

Daga nan mai feshi ya wuce shagon aski, domin ya ga tunda ya fara biyan gaskiya gara ya biya duka. Ya tarar an manna hoton farin hazon nan a jikin madubi, baƙi daga wasu unguwanni suna layin aski don su ji labari. Ya tsaya a ƙofa ya ce shi ne halittar. Ya bayyana takunkumin, da fitilar, da gunjin inji. Har ya ɗan taka ya nuna musu ɗingishin.

Mai aski ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai. Sannan ya juya ga jama'a.

"Kun ji ko? Ban gaya muku ba? Duk inda suka sauka, sai hukuma ta turo wani ya ce shi ne."

"Wace hukuma? Yau aka kore ni."

"Don abin ya yi kama da gaskiya. Surukin layi, ba na ganin laifinka, kowa da inda yake ci. Amma wancan ya fi ka tumbi."

Mai feshi ya buɗe baki zai yi musu, sai ya ga ko ta wane gefe ya yi nasara shi ne a ƙasa. Ya rufe bakinsa ya tafi.

Bayan 'yan kwanaki aka sallami tsohon. Mai feshi ya yi ta ɗage zuwa gaishe shi, har matarsa ta ce in bai je ba ita za ta kai shi da kanta. Ya je da la'asar. Ya same shi a baranda, a kan kujerar nan, ya ɗaura gilashin gyara a ido ɗaya yana tonon cikin wani tsohon agogo. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi masa ya jiki, sannan ya fara jawabin da ya shirya tun daga gida.

"Baba, abin da kuka gani ran nan, ni ne. Ni na..."

"Na gan ka."

Tsohon ya ci gaba da tonon agogonsa.

"Wa zai ga wannan tafiyar bai gane ba? Ranar da ka fara zuwa gidan nan neman 'yata, tun daga bakin layi na ce Allah Ya sa ba nan za ka shigo ba. Na gan ka, na ɗaga maka hannu in ce ka dakata ina waje. Ka wuce kamar jirgin ƙasa."

"Ban gani ba, Baba. Ku yafe ni."

"Na yafe. Abin da ban yafe ba shi ne bakinka. Wa ya aike ka wajen likita? Jikokina iska za su ci?"

"Da ban faɗa ba, ƙila da..."

"Ƙila da na mutu. To? Ni na gama nawa. Kai ka sayar da sabon agogo ka gyara tsoho." Ya hura cikin agogon, ya yi ɗan tari. "Amma dai numfashi da daɗi, ba zan yi maka ƙarya ba."

Mai feshi ya ji wani abu ya sauka daga ƙirjinsa, ba duka ba. Ya ce, "Ke nan da kuka ce faranti, rufa mini asiri kuka yi."

Tsohon ya cire gilashin daga idonsa ya dube shi sosai.

"Ni? Ina shaƙe ina neman rai zan tsaya ƙirƙira maka labari? Kai ka wuce ta ƙasa. Abin da nake magana yana sama, a bayanka. Daidai saitin rufin mai aski ya tsaya. Faɗinsa ya kai layin nan, ba ƙara, ba fiffike, gefensa yana juyawa a hankali, sumul, ban taɓa ganin aiki mai kyau irinsa ba. Hazo biyu ne ran nan. Naka mai warin kalanzir, shi ya kwantar da ni. Nasu sanyi ne da shi kawai, kamar an buɗe firji. Farantin ya bi ka a hankali tun daga tsakiyar layi har injinka ya mutu. Ina jin sun zaci ɗan'uwansu ne ya ɓata."

Mai feshi ya tuna iskar da ta ɗauke. Ya tuna sanyin da ya sauka a ƙeyarsa, da karen da bai yi haushi ba, da oga da ya ɗaga kai. Ya kuma tuna cewa mutumin da numfashinsa ke yankewa yana iya ganin komai, kuma tsohon da ba wanda ya tambayi ra'ayinsa tun da aka koma duba lokaci a waya, yanzu har daga wasu unguwanni ake zuwa gaishe shi. Ya ɗora wannan a kan wancan, ba wanda ya rinjayi wani.

"Duk layin nan kowa ya ga wani abu," in ji tsohon. "Kai da kake tsakiyarsa kai kaɗai ne ba ka ga komai ba. Da ka ɗan juya..."

"Aikin ya hana waiwaye, Baba."

"To, yanzu ai ba ka da aikin." Ya mayar da gilashin a ido. "Sai ka riƙa waiwayawa."

Wani sauro ya sauka a bayan hannun tsohon. Su biyun suka zuba masa ido. Tsohon ya kai masa mari ya kuskure.

Mai feshi ya yi sallama ya sauko. Ya bi layin a hankali yana jan ƙafa, iska tana dukan fuskarsa. Da ya kai tsakiya, daidai inda ta ɗauke ran nan, ya tsaya. Wuyansa ya ƙi juyawa, don ya daɗe bai yi wannan aikin ba, sai da ya juya da jikinsa gaba ɗaya. Sama tana nan wasai. Wayoyin lantarki, shanyar wani gida, tankin ruwa a kan rufin mai aski. A ƙasa kuwa mai askin ne tsaye a ƙofar shago da wasu baƙi biyu, yana nuna musu shi da almakashi.

"Ga shi can," yake cewa. "Wanda aka turo ya ce shi ne."